Gashi da Fata: Zamana a Ajin Gaɓoɓin Italiyanci

Wata rana da hantsi aka bugo min waya daga makarantar su ɗiyata, aka ce zazzaɓi ya rufe ta, in zo in ɗauke ta. Na baro wajen aiki ko kaya ban sauya ba. Matar da ke tsaron ƙofa ta tambaye ni ko ni wane ne, na ce mata "sono il papa". Ta dube ni tun daga hula har takalmin aiki, ga warin jima yana tashi a jikina, sai ta dafe ƙirji, ta ɗan rusuna, ta ce "Santità!" Sannan ta kwashe da dariya. Ba da wulaƙanci ta yi ba, don har ruwa ta ba yarinyar kafin mu fita. Sai da muka shiga mota ɗiyar tawa, da zazzaɓinta da komai, ta ce, "Abba, ce mata fa ka yi kai ne Fafaroma."

Ashe PA-pa, idan ka danna gaɓar farko, Fafaroma ne. Uba kuwa pa-PA ne, kuma ana ɗora wa wasalin ƙarshe wani ɗan tsinke a ka: papà. Akwai ma na uku, pappa, abincin da ake dama wa jarirai. A ranar nan shekarata 12 a Italiya.

Ni Bakano ne, jima kuma gadonmu ce. Kakana da bagaruwa da toka ya yi tasa, mahaifina ya yi aiki a ɗaya daga cikin kamfanonin fata na Challawa, ni kuma rabo ya kawo ni kwarin Chiampo a lardin Vicenza, inda garin Arzignano da ƙauyukan da ke kewaye da shi suka cika da masana'antun jima. Italiyancin da nake ji a lokacin na tsintuwa ne, a bakin inji na tattara shi, rabinsa ma ba Italiyancin littafi ba ne, yaren mutanen Veneto ne, yankin da muke zaune. Ya ishe ni cefane, ya ishe ni gardamar ƙwallo, ya ishe ni in gane an zage ni. Ban taɓa jin yana da wata ɓaraka ba sai da na haifi wadda ta fi ni iyawa.

Ga kuma maganar takarda. Tun watan Disamba na 2018 doka ta ce wanda ya cika shekara 10 yana son zama ɗan ƙasa sai ya kawo shaidar ya iya harshen a matakin da suke kira B1. An ɗauke wa masu takardar zama ta dogon lokaci wannan sharaɗi, amma ni ban taɓa nemanta ba, ina ta sabunta tawa ta shekara biyu-biyu, don ita ma sai an zauna jarrabawa, ni kuwa tsoron biro nake. Na ce tunda ba makawa sai na zauna, gara in yi babbar gaba ɗaya. A kakar 2022 na je na yi rajista a CPIA, wato cibiyoyin karatun manya da gwamnati ta kafa lardi-lardi. Aka yi min ɗan gwaji, aka ce bakina ya wuce hannuna nesa ba kusa ba, aka sa ni ajin yamma, sau biyu a mako.

Mu kusan 20 ne a ajin: 'yan Bangaladash da 'yan Indiya waɗanda yawancinsu abokan sana'ata ne, 'yan Maroko biyu, wasu mata 'yan Moldoba da Yukren masu kula da tsofaffi, da wani matashi ɗan Zangon Kumasi wanda muke gaisawa da Hausa. Malamarmu mutuniyar kudancin ƙasar ce. A mako na biyu ta ce kowa ya ajiye biro, za mu yi tafi. Kowace gaɓa tafi ɗaya. Ca-sa, tafi biyu. La-vo-ro, tafi uku. Na dubi furfurar da ke gemuna, na dube ni ina tafa hannu kamar 'yan mata a dandalin gaɗa, na ce a raina ba don wannan na baro jibi yana hucewa a gida ba. Da na koma na ba uwargida labari, ɗiyata ta ruga ta ɗauko littafinta na aji biyu, ta buɗe min shafin da aka rubuta dividi in sillabe a sama, wato rarraba gaɓoɓi. Aiki ɗaya aka ba mu da ni da ita.

Farkon abin bai ba ni wuya ba, domin kunnen Bahaushe ya riga ya san shi. Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu yana tafiya da wasalin da ke biye da shi, ca-sa kamar gi-da. Idan l ko m ko n ko r suka zo kafin wani baƙin, sai su tsaya su rufe gaɓar baya: al-to, cam-po, can-to, por-ta, daidai da yadda muke cewa tam-ba-ya da gan-ga da ƙar-fe. Baƙi mai ninki ana raba shi biyu, ɗaya nan ɗaya can: fat-to, pel-le, kamar han-nu da dab-ba. Har cq ɗin acqua, ruwa, ninki ake ɗaukarsa, a ce ac-qua. Su gn da gl da sc kuwa haruffa biyu ne masu sauti ɗaya, kamar sh da ts namu, don haka ba a shiga tsakaninsu: ba-gno, fi-glio, pe-sce. Har na fara ɗaga kafaɗa.

Sai aka zo kan li-bro da pa-dre. Hausa ba ta buɗe gaɓa da baƙaƙe biyu, shi ya sa muka mai da abincin Bature burodi, matuƙi ya zama direba. Ni ma haka nake yi wa Italiyanci ban sani ba. Da malama ta ce in tafa libro, tafi uku na yi. Strada kuwa, hanya, huɗu na yi mata: si-ti-ra-da. Biyu ce tak. Shekara da shekaru ina cusa wa kalmomin mutane wasulan da ba su da su, ba wanda ya taɓa ce min kanzil, tunda dai ana gane abin da nake nufi.

Inda muka yi ja-in-ja da malama shi ne kan harafin s. Ta rubuta pa-sta a allo, da fe-sta, da fi-ne-stra. Na ɗaga hannu na ce wannan kam ban yarda ba. Ni pas-ta nake ji, kamar kas-ko, kamar as-ka, kuma ita kanta da ta furta a gabana pas-ta ta ce. Na roƙe ta ta sake faɗa a hankali, ta sake, ajin ya yi tsit, ɗan Maroko ɗaya ya ce shi ma abin da ya ji ke nan. Ban zaci za ta sauko ba, amma ta sauko. Ta ce masana sauti da yawa suna tare da kunnena, a baki s ɗin nan tana jingina da wasalin baya. Sai dai ƙa'idar da ake koyarwa ta rubutu ce, ta yadda za a datse kalma idan layi ya ƙare, kuma ma'auninta guda ne: ka tambayi kanka, akwai kalmar Italiyanci da ke farawa da waɗannan baƙaƙen? Idan akwai, kada ka raba su. Akwai stella, akwai strada, saboda haka st da str tare suke sauka layin ƙasa. Babu kalmar da ke farawa da nt ko rt, saboda haka a raba. Suna kiran irin wannan s ɗin esse impura, wato s marar tsarki, ban san laifin da ta yi musu ba. Har yau a takarda pa-sta nake rubutawa, a zuciyata kuma ina nan kan bakana.

Wasula ma da nasu rikicin. Wani lokaci biyu sukan haɗu su zama gaɓa ɗaya, kamar pie-de da uo-mo da fio-re, wani lokaci kowa ya kama gabansa, kamar pa-e-se da po-e-ta. Pausa, hutun rabin aiki, pau-sa ce, amo ɗaya da Hausa. Amma paura, tsoro, wadda na daɗe ina furtawa kamar sunan garin Daura, gaɓa uku ce: pa-U-ra. Abin da ya raba su shi ne inda murya ta danna. Idan nauyin ya sauka a kan u ko i, sai su ƙi haɗuwa da maƙwabcinsu. A nan na gane cewa tafin da nake rainawa share fage ne, ainihin kokawar tana gaba.

Accento suke kiransa. Ni dai nauyi na sa masa suna a littafina. Kowace kalma tana da gaɓa ɗaya da ake dannawa, kuma sun raɗa wa kowane iri suna. Mafi yawan kalmomi a gaɓar kusa da ƙarshe nauyinsu yake, a-MI-co, la-VO-ro, waɗannan su ne piane, shimfiɗaɗɗu. Waɗanda nauyin ke gaɓa ta uku daga ƙarshe, TA-vo-lo, ME-di-co, MAC-chi-na, sunansu sdrucciole, masu santsi, don da ka danna sai ragowar ta zame da kai. Sunan ma kansa mai santsi ne, SDRUC-cio-la. Waɗanda nauyin ke ƙarshe su ne tronche, guntulallu, kuma da gaske guntule wasu aka yi: città a tsohon harshe cittade ce, virtù kuma virtude, aka sare jelar, nauyin ya zauna inda yake.

Matsalar ita ce ba a rubuta nauyin sai idan a ƙarshe ya faɗo: città, caffè, perché, lunedì. Idan a tsakiya yake ko a farko, kai da kunnenka. 'Yan ajinmu suka yi ta ƙorafi a kan wannan, ni kuwa dariya ta kama ni, don mu ne sarakan wannan ɗabi'a. Mu da muke rubuta gari mu bar mai karatu ya zaɓa tsakanin na tuwo da na zama, mu rubuta fari ya laluba ko launi ne ko rashin ruwa. Su ma ancora haka take: an-CO-ra har yanzu, AN-co-ra ƙarfen da ke tsai da jirgin ruwa. Akwai wadda ta fi ta ma. CA-pi-to, nakan faɗo wuri. Ca-PI-to, an gane. Capitò, ya faru. Haruffa shida, ma'ana uku. Bambancin da ke tsakaninmu shi ne namu karin sauti ne, murya ta hau ko ta sauka a kan kowace gaɓa, nasu kuwa gaɓa ɗaya ce ke cin sarauta, sauran su zama fadawa. Ni kuma sai na riƙa ba kowace gaɓa haƙƙinta daidai wa daida, shi ya sa ko na faɗi kalma daidai, Ba'italiye sai ya maimaita min ita kamar mai gyara wa yaro wuyan riga.

Daga nan ne rarraba gaɓa ta fara biyana ladan tafi. Malama ta ce mu dubi gaɓar kusa da ƙarshe. Idan rufaffiya ce, wato baƙi ne ya rufe ta, to kusan kullum nan nauyin yake: con-TEN-to, ra-GAZ-zo, Vi-CEN-za, per-MES-so. Wanda bai iya datsa kalma ba ba zai ga wannan ƙofar ba. 'Yan tawayen kaɗan ne, ana iya haddace su: MAN-dor-la, da garuruwan TA-ran-to da O-tran-to, da PO-liz-za, takardar inshorar da nake biya duk shekara ina kiranta po-LIZ-za, mai karɓar kuɗin bai taɓa gyara min ba.

Idan kuwa gaɓar buɗaɗɗiya ce, babu wata ƙa'ida da za ta cece ka, sai hadda. Na sayi ƙamus, don shi yana nuna nauyin kowace kalma, na sayi jan biro, duk kalmar da ta shiga littafina sai na ɗiga mata ja a ƙarƙashin gaɓar. Sunayen garuruwa suka fi ba ni kunya. Mi-LA-no da To-RI-no da Ve-RO-na lafiya lau, amma PA-do-va, wadda na je ta fi sau 50, da BER-ga-mo da MO-de-na da GE-no-va da NA-po-li duk masu santsi ne, ni kuwa a tsakiya nake danna su. Lambobi daga 11 zuwa 16 duk santsi: UN-di-ci, DO-di-ci, har SE-di-ci. Ranakun aiki biyar guntulallu ne, SA-ba-to da do-ME-ni-ca masu santsi. Masu ƙarewa da ia ma ba su da alƙibla ɗaya: far-ma-CI-a da po-li-ZI-a a gefe guda, I-TA-lia da STO-ria a ɗaya gefen. Ƙasarmu Ni-GE-ria ce, amma Aljeriya Al-ge-RI-a. Na tambayi dalili, malama ta ɗaga tafukan hannunta sama yadda suke yi.

Aikatau ya fi komai wahalar da ni, musamman idan ana maganar mutane da yawa. Bakina yana so ya ce la-vo-RA-no, daidai kuwa la-VO-ra-no, suna aiki. A-bi-ta-no, suna zaune, nauyin a gaɓa ta huɗu daga ƙarshe, sai ka danna ka bi sauran ukun da gudu. Ɗiyata ce ta ba ni dabarar, ba malama ba. Ta ce, "Abba, ka fara faɗin na mutum ɗaya, la-VO-ra, sai ka liƙa no ba tare da ka motsa komai ba." Haka muka riƙa yi a mota kowace safiya: PAR-la, PAR-la-no, te-LE-fo-na, te-LE-fo-na-no. In na kuskure ta buga kujera.

Ƙananan kalmomi masu tsinke da marasa tsinke ban daɗe a kansu ba: e mai nufin "da" da è mai nufin "shi ne", si da sì, sai da ɗin Italiyanci da dà. Yara suna da 'yar waƙar tuni cewa qui da qua ba a sa musu. Tsinken perché yana kallon dama, na caffè yana kallon hagu, kuma a waya sai ka danne harafin ya ɗan jima kafin su fito.

Wurin da na rama kuwa shi ne ninki. Wanda ya yi makarantar allo ya sha bulala a kan shadda, kuma wanda ya san bambancin daba da dabba, ko kule da kulle, ba a koya masa jin caro da carro, ko nono da nonno, ko sete da sette. Na lura da wani abu da ya ƙara min sauƙi: idan nauyi ya sauka a buɗaɗɗiyar gaɓa wasalin yakan ɗan ja, kamar madda, idan ninki ya biyo baya sai ya gajarce. Casa da ja, cassa da shadda. Sai dai kunnen da na zo da shi daga gida zaman Veneto ya dakushe shi, domin mutanen nan sun shahara da sauke ninki. A wajen aiki pele kowa ke cewa, ni ma pele na ɗauka. A aji na ga ashe pelle ce, jam'inta pelli, fatu. Peli kuwa da l ɗaya gashi ne. Ka ji fa. Sana'ar tamu kacokan raba peli da pelli ce, ga shi bakin masu ita bai raba su ba. Malamarmu, da yake 'yar kudu ce, nata ninkin har ya yi yawa, a casa a bakinta akkasa ce, kuma ta nuna mana inda wannan ɗabi'a ta shiga rubutu ta zauna: soprattutto, davvero, oppure. Ta kuma gargaɗe mu kan anno, shekara, cewa wanda ya sauke n ɗaya ya faɗi kalmar da ba a faɗa a gaban surukai. Ranar rubutun shifta ni kaɗai na ci duka, sai dai p da f, da b da v, waɗanda har gobe sai na tsaya na yi shawara da leɓɓana kafin in furta.

Bayan hutun Kirsimeti aka shiga ƙirar kalma, kuma nan ne karatun ya daina zama magani ya koma abinci. Malama ta ce kowa ya kawo kalma biyar daga wajen aikinsa. Na kawo scarnatura, aikin kankare ragowar nama daga jikin fata, wanda na yi shekara huɗu ina yi. Ta rubuta ta a allo ta yanka ta uku. A tsakiya carne, nama. A goshi s, mai nufin cirewa ko juya ma'ana. A ƙeya atura, mai mai da aiki ya zama suna. Na yi shiru ina kallon allon. Kalmar da na ɗauka dunƙulalliya ce kamar dutse ashe ɗinki ce, ga zaren a fili. Daga nan sauran suka warware da kansu: injin da ke aikin scarnatrice, kamar lavatrice mai wanki, caricare lodi, scaricare sauke lodi, conciare jima, conciatore majemi, conceria majema. Macellaio da macelleria, mahauci da mahauta. Abin da mu muke yi da ma a goshin kalma, su a ƙeya suke yinsa. Na faɗa wa malama haka, ta sa na fito na rubuta maɗinki da maɗinka da makaranta a allo, ranar ni ne malami na minti biyar.

A wannan darasin ne ta kawo barca, kwalekwale, ta nuna yadda ake kama suna ta goshi da ƙeya lokaci ɗaya a mai da shi aikatau: imbarcare, shiga jirgi, sbarcare, sauka daga jirgi, daga nan sbarco, kalmar da ba a rasa ji a labaran dare idan an nuno Lampedusa, tsibirin da 'yan ci-rani masu tsallako teku ke sauka. Yaron nan ɗan Kumasi, wanda bai cika magana ba, ya ce wannan ita ce kalmar Italiyanci ta farko da ya sani, kuma bai taɓa lura akwai kwalekwale a cikinta ba. Malama ta ɗan tsaya, sannan ta goge allon ta wuce gaba.

Gaban kuwa wasa ne. Mu idan za mu ƙanƙanta abu sai mu sa ɗan ko 'yar, idan za mu kambama mu ce ƙato ko shirgege. Su a jelar kalma suke yi: ragazzo yaro, ragazzino ɗan yaro, ragazzone ƙaton yaro, ragazzaccio tantirin yaro. Parola kalma, parolaccia ashar. Motar ɗaga kaya da nake kaucewa kullum a wajen aiki, muletto, ashe ɗan alfadari ce. Sai da muka sake jiki muna ƙera namu, sannan ta fito da tarkon. Tacco dunduniyar takalmi, amma tacchino talo-talo ne. Matto mahaukaci, amma mattino safiya ce, mattone kuma bulo. Burro man shanu, burrone kwazazzabo. Monte dutse, montone kuwa ba ƙaton dutse ba ne, rago ne, wanda duk babbar salla muke haɗa kuɗi mu yi odarsa wajen mahauci. Wannan kam na riga kowa amsawa.

Harɗaɗɗun kalmomi ma gida suka tuna min. Yadda muke cewa dafa-duka da hana-salla da fasa-ƙwauri, haka suke haɗa aikatau da suna: asciugamano, busar-da-hannu, tawul ke nan, aspirapolvere, zuƙe-ƙura, portafoglio, ɗauki-takarda, wato walat. Tumatir ma, pomodoro, asalinsa pomo d'oro, tuffar zinariya. Jam'insu ne ke da taurin kai. Shugaban sashenmu caporeparto ne, idan sun yi yawa capireparto, a ciki ake sauyawa, amma capolavoro a ƙarshe, capolavori. Na haddace waɗanda nake bukata na bar sauran.

Abin da ya ɗaure darussan uku, gaɓa da nauyi da ƙirar kalma, wuri guda shi ne ɗafa-ƙeya tana jan nauyi zuwa kanta. TA-vo-lo ya zama ta-vo-LI-no, te-LE-fo-no ya zama te-le-fo-NI-no. Saboda haka doguwar kalma, wadda da nake tsoro, ta fi gajeriya sauƙi, don jelarta ce ke gaya maka inda za ka danna. Duk mai zione a kan o, duk mai mento a kan men. Wata rana a mota na ɗauki kalmar da ta kai ni ajin na yi mata fiɗa. Città, gari, nauyi a ƙarshe. Cittadino, ɗan gari, nauyi ya matsa kan di. Cittadinanza, zama ɗan ƙasa, nauyi ya sake matsawa. Cit-ta-di-NAN-za, tafi biyar, ninki a rabe, rufaffiyar gaɓa kusa da ƙarshe. Mu ɗan ƙasa muke cewa, su ɗan gari. Yarinyar ta saurara har na gama, ba ta buga kujera ba.

A watan Yuni na 2023 na zauna jarrabawar CILS, ta jami'ar koyar da baƙi da ke Siena, wadda ake iya yi a cibiyoyi da dama a faɗin ƙasar. Sassa huɗu ne: saurare, karatu da nahawu, rubutu, sai magana. Kowane sashe maki 12, ana neman aƙalla 7, kuma wanda ya faɗi ɗaya sai ya sake duka. Ba wanda ya ce in rarraba gaɓa. Amma a wajen rubutu layi ya ƙare min a tsakiyar questo, na ja ɗan layi bayan que na sauko da sto, raina bai so ba. Maganar kuwa ɗauka ake a na'ura a aika Siena. Mai jarrabawar ta ce in ba da labarin iyalina. Na ce iyayena abitano a Kano, na ji bakina ya nufi tsakiya, na tsaya, na haɗiye, na sake daga farko. Ban san ko wannan ya rage min ko ya ƙara ba. Bayan wasu makonni sakamako ya fito, na haye duka huɗun, mafi ƙarancin makina a rubutu.

Sauran aikin na takardu ne: shaidar haihuwa da ta 'yan sanda daga gida, a fassara a buga musu hatimi, Yuro 250 na nema, kan sarki na Yuro 16, a shigar ta intanet a shafin Ma'aikatar Cikin Gida. Doka ta ba su wata 24, suna iya ja zuwa 36. Na shigar, na koma bakin aikina.

Kwanakin baya na tarar da wani tarin fatu a kan katako, shugaban sashenmu ya liƙa masa takarda da rubutun hannunsa. Haifaffen kwarin ne, ya fi shekara 30 a jima, ya san fata fiye da yadda na san tafin hannuna. Ya rubuta "40 peli". Na tsaya ina kallo. Na duba hagu, na duba dama, na zaro alƙalamin da ke aljihuna na matsa wata l a tsakanin l da i. Ashe yana bayana. Ya dubi takardar, ya dube ni, ya sake duban takardar. Ya ce, "Professore, a kai su injin aski kafin ƙarfe biyu."